Kafin a Zuba Siminti: Yadda Ake Tsara Gyaran Titi a Maraɗi da Yadda Ake Gane Ko Ya Yi Amfani

Duk wanda gidansa ke bakin kwalta a Maraɗi ya san yadda abin ke tafiya. Mota ko moto ta buge yaro, a kwashe shi zuwa likita, unguwa ta ɗauki zafi. Kafin gari ya waye matasa sun yi karo-karo, sun sayo siminti buhu biyu, sun gina tudu mai kaifi kamar kunyar dawa a tsakiyar titi. Ba fenti, ba alama. Da asuba ɗan kabu-kabu ya taho da fasinja, bai san an yi gini cikin dare ba, sai ga su a ƙasa. Kwana bakwai ba su cika ba masu moto sun samo dabara: suna sauka daga kwalta su kewaye tudun ta cikin yashi, daidai inda mai ƙosai ke da kaskonta, daidai inda yara ke bi. Garin neman gira an rasa ido.

Ban ga laifin fushin ba. Abin da nake so shi ne fushin ya bi hanyar da za ta kai shi ga biyan buƙata. Wannan jagora ta kwamitin unguwa ce, da iyayen yaran lakwal, da ma'aikatan magajin gari, da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu neman aikin bincike da zai amfani gari. Kayan aikin ba su wuce littafi da biro da igiyar awo da salula mai agogo ba.

A fara da sanin irin garin da muke ciki. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 aka hau da Maraɗi kan tudu, Turawan Faransa suka yanka mata tituna miƙaƙƙu masu faɗi, kamar an ja su da igiya. Bikin Maraɗi Kwalliya na 2015 ya ƙara wa gari sabuwar kwalta. Alheri ne, amma titi mai faɗi da santsi kuma miƙaƙƙe yana gaya wa direba ya taka, ko da allo ya ce masa kilomita 50. Direba ya fi jin maganar titi a kan maganar allo. Shi ya sa gyaran da ake nema na jikin titin ne kansa.

Mataki na farko: a ware wuri guda, a tono tarihinsa

Kada a ce za a gyara dukan unguwar Zariya ko dukan unguwar Ali Ɗan Tsoho. A zaɓi mahaɗa guda, ko yankin titi da bai wuce mita 300 zuwa 500 ba, kamar gaban makaranta, ko ƙofar kasuwa, ko bakin tasha.

Sai a nemi abin da ya faru a wurin cikin shekaru 3 da suka wuce. Shekara guda ba ta isa ba, domin haɗari ba ya zuwa a jere. Za a je kwamisariya, wato ofishin ƴan sanda, a je wurin ƴan kwana-kwana masu ɗaukar waɗanda suka ji rauni, a je asibiti. Amma a sani, abin da ke cikin takardun hukuma kaɗan ne daga abin da ya faru. A garin nan yawancin karo ana kashe shi nan take: a taru, a ce ƙaddara ce, a ba da haƙuri, mai moto ya ɗauki nauyin magani, kowa ya kama gabansa. Wanda ya karye sau da yawa gidan mai ɗori ake kai shi, sunansa ba zai taɓa shiga rajista ba.

Saboda haka shaidun gaskiya su ne mutanen da ke wuni a wurin: mai shayi, mai faci, mai sayar da fetur a kwalba, ƴan kabu-kabun da ke jiran fasinja a kusurwa, da mai gadin makaranta. A zauna da su ɗaya-ɗaya. Kada a tambayi mutum "wurin nan na da haɗari?", kowa zai ce i. A tambaye shi na ƙarshe da ya gani da idonsa: wane lokaci, me ya bugi me, daga ina kowane ya fito, akwai haske ko duhu. A zana taswirar wurin a babbar takarda, a ɗiga kowane haɗari inda ya auku. In mutum uku sun ba da labari iri ɗaya, ɗigo guda za a sa. Ba a rubuta sunan wanda abin ya shafa.

Da ɗigo sun kai goma sha, taswirar za ta fara magana da kanta. Sau da yawa wurin da mutane ke nuna wa da yatsa daban, wurin da ɗigo suka taru daban.

Mataki na biyu: ƙirga da awo

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin ha'inci. In ba a yi awo kafin gyara ba, babu abin da za a gwada da shi bayan gyara, sai musu.

Ƙirga ta farko ita ce ta masu wucewa. Mutum biyu su zauna a inuwa, kowa da gefensa, suna jan layi a takarda: ƙananan motoci, manyan motoci, moto, adaidaita, keke, amalanke, masu tura kura. Mutum na uku ya ƙirga masu tsallaka titi da ƙafa, ya raba yara da manya, ya kuma nuna a taswira ainihin inda suke tsallakawa. A riƙa ja wa takarda layi duk minti 15. Lokutan da suka fi muhimmanci su ne safiya lokacin shiga lakwal, tsakar rana lokacin tashi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba. A yi wannan a ranar kasuwa, Litinin ko Juma'a, a sake yi a ranar da ba ta kasuwa ba.

Sai awon gudu. Ba sai da na'ura ba. A auna mita 50 daidai a jikin titi, a wurin da ba a tsayawa, a sa alama a farko da ƙarshe, ko da dutse ne mai fenti. Mutum guda ya tsaya inda yake ganin alamomin biyu, ya danna agogon salula idan gaban mota ya kai alamar farko, ya tsayar idan ya kai ta biyu. Lissafin sauƙi gare shi: a raba 180 da adadin daƙiƙoƙin. Wanda ya ɗauki daƙiƙa 6 yana gudun kilomita 30 a awa. Mai daƙiƙa 3.6 yana kan 50. Mai daƙiƙa 3 yana kan 60. A auna waɗanda hanya ta buɗe musu kaɗai, ban da wanda amalanke ta tare. A kuma zauna kamar masu hira, domin da direba ya ga mutum tsaye da takarda yana kallonsa sai ya ɗaga ƙafa.

A tara 100 daidai, moto daban, mota daban. Sai a jera su daga mai tafiya a hankali zuwa mai tsananin gudu, a ɗauki na 85. Wannan adadin injiniyoyi ke aiki da shi, domin matsakaicin gudu yana ɓoye masu ganganci, su kuwa su ne ke kisa. In na 85 ya nuna 58 a gaban firamare, misali, to an sami abin da za a ajiye a teburin hukuma.

Me ya sa gudu ya fi komai? Mai tafiyar kilomita 50 yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙafa ta kai birki, daƙiƙa guda ta tafi, mita 14 sun tafi. Birkin kansa a busasshiyar kwalta zai ci wasu kimanin 14. Mita 28 ke nan. Mai tafiyar 30 zai tsaya cik cikin kamar mita 13, wato a inda mai 50 bai ma taɓa birki ba tukuna. In akwai yashi a kan kwaltar, kuma a Maraɗi yaushe ne babu, nisan ya fi haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin karo mai kisa da kimanin kashi 4. Saboda irin wannan lissafi ne taron ministoci na Stockholm a 2020 ya nemi a tsaida gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cuɗanya da masu ƙafa.

Abu na uku da za a ƙirga shi ne "saura ƙiris". Duk lokacin da aka ji ƙarar birki, ko moto ta kauce da ƙarfi, ko mai tsallakawa ya ruga ko ya ja da baya, a ja layi, a nuna wurin. Haɗari na iya yin wata biyu bai auku ba, amma saura ƙiris kullum ana yin sa, shi ya sa ya fi saurin nuna ko gyara ya yi aiki.

A ƙarshe a taka wurin da ƙafa. A auna faɗin titin. Tsoho ko mace mai goyo da kaya a ka suna cin kamar mita guda a daƙiƙa, to titi mai mita 14 yana nufin daƙiƙa 14 a tsakiyar motoci. A durƙusa daidai tsawon yaro ɗan shekara shida a leƙa hagu da dama: rumfar wa ta tare gani, motar wa aka ajiye a kusurwa? A dawo da dare a ga inda fitila ta mutu. A dawo bayan ruwan sama a ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake tara yashi.

Mataki na uku: titin na wa ne?

Ba kowane titi ke hannun magajin gari ba. Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, da mai lamba 9 da ke zuwa Ɗan Isa da iyakar Najeriya, na gwamnatin ƙasa ne, maganarsu tana ofishin jiha na ma'aikatar da ke kula da hanyoyi. Titunan cikin unguwa na birni ne, birnin kuma an raba shi da'ira uku, sai a san wacce ake ciki. Akwai kuma ANISER, hukumar kiyaye haɗuran hanya ta ƙasa. A rubuta takarda shafi guda, a haɗa da taswira da alƙaluma, a bi ta hannun mai unguwa. Ba a taɓa kwalta sai da izini a rubuce.

Kafin takardar ta tafi, a zauna da waɗanda gyaran zai taɓa abincinsu. Na taɓa zama a irin wannan taro inda wani matashi ya miƙe ya ce a kori duk masu sana'a daga bakin titi. Wata dattijuwa mai tuwo-tuwo ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, da kuɗin kaskon nan na biya wa ƙaninka lakwal. In na tashi, gidanku zan zo cin abinci?" Mai unguwa ya juya gare ta ya ce, "Inna, ba tashi za ki yi ba. Taku biyar za ki ja baya, a bar wa yara hanya." Ta ce, "Ranka ya daɗe, in taku biyar ne, ai ko yau." Da an zo mata da ƴan sanda, da ta koma wurinta bayan kwana uku. Haka ƴan kabu-kabu da masu adaidaita: a kira shugabanninsu tun farko, su ne suka fi kowa sanin ramukan titin, su ne kuma za su fara kewaye duk abin da aka gina ba da su ba.

Mataki na huɗu: a ba cuta maganinta

In awo ya nuna gudu ne matsalar, akwai tudun rage gudu, amma na ƙa'ida. Tsayinsa ba ya wuce santimita 10, tsawonsa kuma a bin titi kamar mita 4, ya hau a hankali ya sauka a hankali, yadda mai tafiyar 30 zai wuce lafiya, mai 60 ya ji a ƙugunsa. A shafa masa fenti, a sa allo kafin a iso, a tabbatar akwai haske. Tudu guda a dogon titi ba ya hana komai, ana wuce shi a sake takawa, gara a jera su da tazarar da ba ta wuce mita 100 ba. A toshe gefensa da turaku ko dakali don kada moto ta kewaye, amma a bar wa ruwa hanya, in ba haka ba damina ta farko za ta mai da wurin tafki. A tuna da motar asibiti, da kuma jakin da ke jan amalanke cike da bulo: tudu mai kaifi yana iya durƙusar da shi.

Wata dabarar ita ce rage faɗi. Layin mota guda mita 3 zuwa 3 da kwata ya ishe shi a cikin gari. Abin da ya saura a ba masu ƙafa da masu keke. Direba in ya ga hanya ta matse, ƙafarsa da kanta take sauka.

In tsallakawa ce matsalar, fentin zane-zane kaɗai ba ya tsaida kowa a garin nan, gaskiya ɗaya ce. Abin da ke aiki shi ne a ɗaga wurin tsallakawar ya zama tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, a kuma gina tsibiri a tsakiyar titi, mai faɗin kamar mita 2, inda mutum zai tsaya da kekensa ko da yaransa ya huta. Sai tsallaka guda mai tsawo ta koma biyu gajeru, kowace da gefe guda da za a duba. A sa shi inda taswira ta nuna mutane na bi da ma. In aka kai shi mita 80 gaba don ya fi kyau a zane, akuya ce kaɗai za ta bi ta kai.

Mahaɗa mai hannu huɗu tana da wurare 32 da ababen hawa za su iya cin karo. Shataletale mai layi guda yana mai da su 8, kuma yana kawar da karon gefe da na gaba da gaba, waɗanda suka fi kisa. Sharaɗinsa shi ne ya tilasta wa mai shigowa ya karkata. In ana iya ratsa shi a miƙe, ado ne kawai. A hanyar da tireloli ke bi zuwa iyaka, sai injiniya ya auna juyinsu tukuna. A ƙananan mahaɗu kuwa, sau da yawa abin da ake buƙata bai wuce a share kusurwa ba: babu ajiye mota, babu rumfa, babu tashar moto cikin mita 10 daga kwana, a ba ƴan kabu-kabu wani wuri kusa mai inuwa.

Share yashin da ya ci rabin kwalta da gyara fitila guda biyu wani lokaci sun fi buhu hamsin na siminti.

Mataki na biyar: gwaji da abin da za a iya ɗagawa

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Da izinin hukuma, a kwaikwayi tsarin da tsofaffin tayoyi masu farin fenti, da durom cike da yashi, da buhuna, a manna musu abin da ke ƙyalli da dare. A sanar a masallaci da rediyo da zaurukan WhatsApp na unguwa kwanaki kafin ranar. Kwanakin farko a sami ɗan sanda ko ƴan sa-kai a wurin safe da yamma. A bar shi mako 4 zuwa 6. In babbar mota na taka tayar kusurwa kullum, kusurwar ce ta yi tsauri, a ja ta baya. Kuskuren taya ana gyara shi da hannu cikin minti biyar.

Mataki na shida: shin ya yi amfani?

Bayan wata guda a maimaita awon nan na mataki na biyu ba tare da canza komai ba: wuri guda, rana guda ta mako, awa guda, in ya yiwu mutanen nan dai. A sake bayan wata 6, a sake bayan shekara, domin direbobi kan saba su koma halinsu. Abubuwan da za a gwada su ne gudun na 85, yawan saura ƙiris a awa, daƙiƙoƙin da mutum ke jira kafin ya tsallaka, da kuma kashi nawa na masu tsallakawa ke bin wurin da aka tanada.

Akwai tarkuna uku. Na farko, yawanci ana gyara wuri ne bayan shekarar da ta fi muni, shekarar da ke biye kuwa ko ba a yi komai ba takan yi sauƙi. Faɗuwa ta zo daidai da zama, sai a ce tudu ne. Maganinsa shi ne a gwada shekaru 3 na baya da shekaru 3 na gaba, kafin nan a dogara da gudu da saura ƙiris.

Na biyu, duniya ba ta tsayawa don ana awo. Kada a gwada ƙirgar watan azumi, lokacin da kowa ke rige-rigen shan ruwa, da ta wani wata. Kada a gwada lokacin hutun makaranta da lokacin karatu, ko damina da hunturu mai ƙura. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 2023, zirga-zirgar manyan motoci ta canza ba don wani ya gyara titi ba. Saboda haka tun farko a zaɓi wani titi mai kama da naku wanda ba za a taɓa ba, a riƙa auna shi a ranaku guda. In gudu ya sauka a naku bai sauka a can ba, aikinku ne. In ya sauka a duka biyun, a nemi dalili a wani wuri.

Na uku shi ne wanda ya fi dacewa da Maraɗi. Tunda garin a yanke yake layi-layi, duk titin da aka matse yana da ɗan'uwa a bayansa. Masu moto za su koma can, cikin lungun da yara ke wasan ƙwallo. A ƙirga layukan da ke maƙwabtaka kafin gyara da bayansa. In an rage haɗari a kwalta an tura shi ƙofar gidajen mutane, an gudu ba a tsira ba, sai tsarin ya haɗa da su.

In alƙaluma sun nuna nasara, sai a koma wurin hukuma da shafi guda mai layi biyu, "kafin" da "bayan", a nemi a mai da tayoyi siminti. A cikin takardar a rubuta wa zai sabunta fenti bayan kowace damina, wa zai kwashe yashi, wa za a kira in fitila ta mutu, domin tsibirin da fentinsa ya goge cikin duhu tarko ne. In kuma alƙaluma sun nuna bai yi ba, a faɗa a bainar jama'a, a kwashe tayoyin, a koma kan taswira. Littafin ƙirgar kuwa a yi masa kwafi biyu, ɗaya a ofishin da'ira, ɗaya a zauren mai unguwa, inda kwamitin unguwar da ke maƙwabtaka zai iya zuwa ya ara.